Allurar caji ta daina rawa: aikin da na gani a wata rumfar gyaran jirage a Garwa

Tun farkon hunturun bara allurar caji ta ƙaramin jirgin saman da nake tuƙawa ta fara kaɗawa. Da farko kaɗan-kaɗan ne, kamar kan ƙadangare a bisa katanga, sai mutum ya zuba mata ido kafin ya lura. Kafin bazara ta kankama ta koma lilo sosai, fitilun gaban matuƙi suna haske suna dusashewa tare da ita. Wata huɗu muka yi da wannan ciwo, muka zuba kuɗi inda bai kamata ba, sannan Allah ya haɗa mu da rumfar da nake son yin magana a kanta. Ba zan kama sunan mai ita ba, domin shi kansa ba ya son a riƙa yawo da sunansa a waya. Mu dai Baba muke ce masa, kuma duk mai harkar ƙananan jirage tsakanin Gaundare, Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, har Injamena ta Chadi, ya san dattijon da nake nufi.

Jirgin Cessna 182 ne ƙirar 1975, kujera huɗu, inji guda, Continental O-470 mai ƙarfin doki 230. Na maigidana ne, wani Alhaji mai harkar shanu, ni kuma shekara shida ke nan ina tuƙa masa. Wutarsa kusan irin ta mota ce: batir mai bolt 12 a can baya, bayan wurin kaya, da altaneta, wato janaretar da ke caja batir, mai amfiya 60 wadda fambel ke juyawa. Sai a 1978 aka mayar da wannan samfuri kan bolt 28, don haka namu na tsohon tsari ne. Idan komai lafiya kuma inji na aiki, wajen bolt 14 ya kamata a gani, ya tsaya cak, ko an kunna fitilar sauka ko an kashe.

Mu kuwa lamba uku muke gani a lokaci guda. 'Yar mitar da aka ƙara a allon gaba tana yawo tsakanin 13.4 da 14.9. Wata mai araha da na saya a kasuwa, irin wadda ake cusawa a ramin kunna taba ta caja waya, tana cewa 13.6. Na'urar nuna hanya kuma tana ba da tata lambar daban. Wanne zan gaskata? Ina sama ƙafa dubu bakwai, ga Alhaji da baƙonsa a baya suna hirar farashin bijimai, ni kuma idona rabi a sararin sama rabi a kan lambobin nan da suka ƙi yarda da juna.

Ranar da abin ya wuce wasa, muna dawowa daga Gaundare ne da hantsi. Mun bar tsaunukan Adamawa a baya, ruwan Lagdo ya fara ƙyalli a hannun dama, sai jar fitilar yawan wuta ta kama, allura ta faɗa ɓangaren zuƙar batir. A irin wannan jirgi akwai mai gadi da ke yanke altaneta idan wuta ta kai wajen bolt 16. Inji bai ko yi tari ba, domin fulogoginsa daga maganeto biyu suke shan wuta, ba ruwansu da batir, mai kuma da kansa yake gangarowa daga tankunan fukafukai. Amma rediyo, da na'urar da ke nuna mu ga hasumiya, da agogon mai, da filaf, wato gefen fukafukan da ake saukarwa lokacin sauka, duk a wuyan batir suka koma. Na kashe rediyoyi, na kashe babban makunni na sake kunnawa kamar yadda littafin jirgin ya ce, caji ya dawo. Bayan minti goma ya sake yankewa. Daga nan ban ƙara taɓa shi ba. Na rage duk abin da ba dole ba, na sanar da hasumiyar Garwa, muka sauka lafiya. A daren na gaya wa Alhaji ba zan sake tashi da shi ba sai an gano bakin zaren.

Kafin wannan rana mun riga mun je wani wuri har sau biyu. Karon farko aka ce regileta ce, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar da altaneta ke bayarwa, aka canza. Kwana uku allura ta yi shiru, sai ta dawo da rawarta. Karo na biyu aka ce batir ne, aka canza. Gaskiya tsohon batirin ruwansa ya ƙafe sosai, amma daga baya na gane ƙafewar alama ce ta ciwon: batir da ake ɗura wa kusan bolt 15 a zafin Garwa na watan Maris, inda ake haura digiri 40, dole ya tafasa. Karo na uku ana maganar a yi odar sabuwar altaneta, sai wani abokina matuƙi da ke zirga-zirga daga Injamena ya ce mini, "Kafin ku sayi altaneta, ka kai wa Baba."

Rumfar ba ta da wani kwarjini. Kwanon rufi ne da siminti, da teburin aiki guda biyu, da kabad ɗin ƙarfe cike da littattafan gyara, wasu da Turanci wasu da Faransanci, gefensu ya yi baƙi don yawan buɗawa. Abin da ya fara burge ni shara ce. A garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin tukunya, daɓen nan a share yake, kowane sifana a ƙusarsa, kowane noti da aka kwance yana cikin gwangwani mai takarda a jiki. Yara biyu ne ke koyon aiki a hannunsa, ba wanda ke ɗaga murya.

Baba bai buɗe murfin inji ba ranar farko sai da muka yi kusan awa guda a kan benci. Ya sa aka dafa shayi, ya karɓi kundin jirgin, ya riƙa juya shafi yana tambaya. "Kyaftin, rawar nan tana bin gudun inji, ko gabanta kawai take yi? Idan ka kunna fitilar sauka tana ƙaruwa? Da sanyin safiya ko da rana ta fi? Kana jin wani kuka a abin kunne wanda ke tashi idan ka ƙara wuta?" Na ce babu kuka, rawar ba ta bin gudun inji, ta fi tsanani idan an kunna kaya da yawa, kuma bayan an canza regileta ta lafa kwana uku. Ya ɗago kai a kan wannan ta ƙarshen. Ya ce, "Ɗana, wanda ya canza regileta ya motsa wayoyi. Motsin ne ya ba ku kwana ukun."

Ya bayyana mini dalilin tambayar kuka. A cikin altaneta akwai dayod shida masu miƙar da wutar da take haifa. Idan ɗaya ya mutu, wutar takan fito da ƙura-ƙurai, rediyo ya ɗauka, matuƙi ya ji siririn kuka mai hawa da sauka tare da inji. Rashin kukan bai wanke altaneta gaba ɗaya ba, amma ya mayar da ita bayan layin waɗanda ake tuhuma.

Sannan ya ɗauko mitarsa, Fluke 87V, rawayar rigarta ta koɗe amma da takardar gwaji manne a bayanta mai kwanan wata na bana. Ya ce kafin a yi shari'a sai an san wane shaida ne mai gaskiya. Ya auna batir a hutawa, 12.6, lafiya lau. Ya auna sandar rabon wuta da ke bayan allon gaba, ya gwada da abin da mitocina uku ke faɗa a daidai lokacin. Ta allon gaba ta yi daidai da tasa, bambancin bai kai a faɗa ba. Na'urar nuna hanya tana ƙasa kaɗan, domin tana auna abin da ya iso mata ne bayan ya ratsa nata makunnin da nata wayoyin. Ta kasuwar nan kuwa kusan bolt 0.4 take ci, rabi daga tsatsar ramin da ake cusa ta, rabi daga kanta. Ya zare ta ya miƙo mini ya ce in ci gaba da cajin waya da ita, amma kada in ƙara tambayarta labarin jirgi. Ashe saɓanin mitocin nan uku ba abin damuwa ba ne: wurare daban-daban suke aunawa, dole lambobinsu su bambanta. Rawar ita ce ta gaske.

Nan aka zo wurin da ya sa nake wannan rubutu. Ban taɓa ganin an yi wannan gwaji ba, kuma ba a ko tada inji ba, farfela na tsaye, ba mai fargabar ta sare shi. Ya ce in kunna babban makunni duka ɓari biyu, na batir da na altaneta. Jan makunnin nan ne mai tsaga a tsakiya da ke gefen hagu. Idan inji a kashe yake, regileta tana ganin wuta ta yi ƙasa, sai ta buɗe ƙofa gaba ɗaya ta tura wa kwayil ɗin maganaɗisun altaneta duk abin da zai iya sha, wajen amfiya uku. Ke nan hanyar tana ɗauke da cikakken kaya. Ya ɗaura bakin mita ɗaya a sandar rabon wuta, ya ƙara doguwar waya ya kai ɗaya bakin har mashigar regileta a bangon inji. Idan hanya lafiya take, kusan sifili za a gani. Mita ta ce 0.72.

Ya kira yaransa su zo su gani. Daga nan ya bi hanyar gaɓa-gaɓa, kamar mai bin sawun ɓarawo. Ya kwanta rigingine a ƙasan kujerar matuƙi, dattijo mai furfura, kai a ƙarƙashin allo, tocila a baki, ƙafafu a waje. Tsakanin baki biyu na bireka, ɗan fiyus ɗin nan mai amfiya 5 da ke tsalle ya fito idan wuta ta yi yawa, ya samu 0.14. A wani kan waya da aka matse tun ba a haifi yaran ba, 0.08. Da ya zo ɓarin altaneta na jan makunnin, lamba ta ƙi zama: 0.45, 0.5, 0.38. Ya ce, "Kyaftin, ɗora yatsa a kansa, kada ka danna, taɓawa kawai." Na taɓa. Lamba ta yi tsalle ta haura bolt ɗaya, ta faɗo 0.2. Na ɗauke yatsa, ta koma yawo. Tsigar jikina ta tashi, domin rawar da na yi wata huɗu ina kallo a sama ce nake gani a ƙasa, a ƙarƙashin yatsana.

Da alli ya zana mini sauran a jikin ƙofar kabad. A irin regiletar da ke jirgin nan, wayar da ke kawo abincin maganaɗisu ita ce kuma take leƙa ƙarfin wuta da ita. Idan rabin bolt ya zube a hanya, regileta tana ganin 13.5 alhali a sanda 14 ne. Sai ta ƙara wa maganaɗisu abinci. Ƙarin abincin ya ƙara zubewar, domin zubewa tana bin yawan abin da ke wucewa. Wuta a sanda ta haura, regileta ta farga ta janye, zubewa ta ragu, sai ta ga ta yi yawa ta ƙara janyewa, wuta ta faɗo, a sake sabon zagaye. Ga girgizar inji tana kaɗa makunnin, wani lokaci ya tsinke na ƙiftawar ido ya dawo, wuta ta yi tsalle, mai gadi ya yanke. Turjiyar da ta haddasa duk wannan ba ta kai om 0.2 ba. Na ce ai a wancan wurin sun gwada makunnin, mita ta yi ƙara, suka ce lafiya. Ya ce ƙarar mita tana nufin akwai hanya, ba ta faɗin ko hanyar za ta ɗauki kaya. Wayoyin mitar kansu suna da turjiyar da ta kusa haka, kuma ɗan abin da take turawa don gwaji bai kai ya tona asirin bakin da ya ƙone ba. Sai an ɗora kaya a auna zubewa.

Ya buɗe mini littafin hukumar jiragen saman Amurka na ƙa'idojin gyara, AC 43.13-1B, ya nuna jadawalin da ya ce a tsarin bolt 14, zubewar da aka yarda da ita ga kayan da ke aiki ba tsayawa rabin bolt ce, a tsarin bolt 28 kuma bolt ɗaya. Ya ce wannan ga fitila da rediyo ne. Hanyar da regileta ke leƙe da ita ba ta jure ko kusa da haka.

Da aka cire makunnin ya fasa shi a gabana, tunda ba komawa zai yi ba. Bakunan tagullar sun yi baƙi, da 'yan ramuka kamar fuskar da ƙyanda ta ci, ga jar ƙura ta daskare da tsohon maiko. Ban ga laifin wanda ya ƙera shi ba. Abin roba da tagulla da ya yi shekaru masu yawa ana danna shi safe da yamma, a zafi da ƙurar ƙasar nan, ya biya kuɗinsa.

Bai tsaya nan ba, kuma wannan ma na yaba. Ya duba gawayin altaneta, ya ga bai cinye ba. Ya gwada taurin fambel da sifanar awo a kan notin fuli. Ya kwance wayar ƙasa da ke haɗa inji da gangar jiki, wadda makanikanmu na nan ke kira mas, ya kankare farin garin da ya taru a ƙarƙashinta ya mayar. Ya bi doguwar wayar batir tun daga wutsiya. Altanetar da ake shirin yarwa, ya ce lafiyarta ƙalau.

To, amma duk wanda zai je ya ɗaura ɗamarar haƙuri. Baba ba ya amsa waya idan yana aiki, kuma kusan kullum yana aiki. Sau huɗu na kira kafin a ba ni rana, daga ƙarshe da ƙafata na je na tsaya. Ba ya ajiye kayan gyara masu yawa. Makunni da bireka sai da aka yi odarsu daga Amurka, suka biyo ta Duwala, kwana 19 jirgi na zaune a rumfa an lulluɓe shi. Alhaji ya yi tafiyar Marwa sau biyu a mota, kilomita wajen 200 kowace fuska, ransa a ɓace. Har ya aiko direbansa da wani makunni da aka samo a shagon kayan mota, kamanninsu ɗaya. Baba ya juya shi a hannu, ya mayar cikin leda, ya ce a gaida Alhaji, a gaya masa abin da ba shi da takardar shaidar fitowa, 8130-3 ta Amurka ko takwararta ta Turai, ba zai shiga jirgin da zai sa wa hannu ba. A kan wannan ina bayansa ɗari bisa ɗari. Lasinsa ne a gaban hukumar jiragen sama ta Kamaru, rayukanmu ne kuma a sama. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne rashin labari. Kwana 19 ba wanda ya kira ya ce ga inda kaya suke, sai ni ke bi. Da ɗaya daga cikin yaran zai riƙe waya ya riƙa tura saƙo ko sau ɗaya a mako, da an rage wa masu jirage zafin rai. Na faɗa masa haka baki da baki, ya ce ya ji.

Kuɗin aikinsa ba araha ba ne. Sefa dubu 150 ya karɓa na yini biyu, ba ragi, ba ciniki, kuma ya rubuta rasit dalla-dalla. Alhaji ya ɗan yi tsaki da ya ji, sai na lissafa masa regiletar da muka saya a banza, da batir, da altanetar da saura ƙiris mu yi oda, wadda kuɗinta ya ninka na makunnin sau da yawa. Tsohuwar regiletar ma da na kawo a kwali, Baba ya gwada ta ya ce ba abin da ya same ta, ya manna mata takarda ya ce mu adana.

Ranar da kaya suka iso, kafin azahar an ɗaura. Ya sake gwajin nan na inji a kashe: daga sanda zuwa regileta, 0.06. Aka turo jirgi waje, aka sa waigi a tayu, na tada inji. Ya sa mitarsa a yanayin da take riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ta gani, ya zauna a kujerar dama. Ya ce in kunna fitilar sauka, na kunna. Rediyo biyu, fitilar wutsiya, abin ɗumama bututun awon gudu, filaf ƙasa, filaf sama. Ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa sabon makunnin da bayan sukudireba. Bayan minti goma ya danna mita ya nuna mini: ƙasa 13.9, sama 14.2. Allurar caji ta ɗan hau bayan tada inji kamar yadda ya kamata, ta sauko a hankali ta kwanta kusa da tsakiya, ba ta ƙara motsi ba. Ya juya mitar ɓangaren wuta mai kai da komo don ya duba ƙura-ƙuran dayod, abin da ya gani kaɗan ne ƙwarai.

A kundin jirgi bai rubuta "an gyara wuta" kawai ba, kamar yadda na saba gani. Ya rubuta kowane awo, na kafin gyara da na bayansa, da lambar kowane kaya, sannan ya sa hannu da hatimi. Ya ce wanda zai zo bayansa, ko shekara goma nan gaba, ya samu abin da zai gwada da shi.

Idan jirginka na da irin wannan ciwo kuma kana yankin nan, shawarata ka je wurinsa tun kafin ka sayi komai. Ka tafi da kundin jirgi, da duk tsohon kayan da aka cire maka, da 'yar takarda da ka rubuta lambobin da ka gani a sama: a wane gudun inji, da me a kunne, da safe ko da rana. Ka ɗauki bidiyon allurar da waya idan akwai wanda zai riƙe maka, domin ya ce da na kawo masa haka da mun rage rabin hirar benci. Idan kuma kana da tafiyar da ba ta ɗaguwa a cikin makon, ka nemi mota tun da wuri.

Mun yi awa 41 a sama tun daga ranar, har da zuwa Injamena sau biyu a tsakiyar zafin Afrilu, mita na kan 14.1. Duba na awa 100 ya kusa, na riga na je da ƙafata na kama layi. Ya ce wannan karon zai bi sauran birekokin ɗaya bayan ɗaya da mita, domin duk sa'annin wanda aka cire ne.